Jarumin Gem: Ya Yi Magana Ko Ya Ja Bakinsa Ya Yi Shiru? Ga Cikakken Bayani

Yau zan ɗan karkata zuwa ɓangaren gem, amma wanda ba ya bugawa kada ya wuce, domin maganar murya ce, kuma duk mai kallon fim ɗin Hausa ko fassarar Indiya ya san abin da murya take yi wa jarumi. Akwai wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu buga gem a duniya, mu ma nan Kongo da Tudun Wada da cikin birni muna yin ta a gidajen gem: shin jarumin da kake juyawa da fad ya kamata ya riƙa magana da muryarsa, ko kuwa ya yi shiru ya bar maka fage? Zan kawo ma'anar abin, da asalinsa, da hujjar kowane ɓangare, sannan in faɗi inda ya shafe mu mu Hausawa.

Me ake nufi da jarumi mai shiru?

Jarumi mai shiru shi ne wanda kowa a cikin gem yake yi masa magana amma shi ba a jin amsarsa. Ba wai bebe ba ne a cikin labarin, a'a, masu shirya gem ɗin ne suka ƙi sa masa murya da gangan. Idan ka duba da kyau, jaruman gem sun kasu gida huɗu:

1. Mai shiru ɗungurungum. Ba murya, ba rubutu. Misali Gordon Freeman na Half-Life, da Claude na GTA III.

2. Mai ihu da nishi kawai. Za ka ji shi idan ya kai sara ko ya faɗo daga sama, amma ba ya hira. Link na The Legend of Zelda shi ne sarkin wannan gida.

3. Mai magana a rubuce. Kai za ka zaɓi amsa daga jerin da aka rubuto maka a allo, amma ba wanda zai furta ta. Haka Skyrim yake, da Fallout 3, da Baldur's Gate 3.

4. Mai cikakkiyar murya. An ɗauko ɗan wasa ya shiga situdiyo ya yi masa magana kamar yadda ake yi wa fim. Kratos na God of War da CJ na GTA San Andreas suna nan.

Akwai kuma 'yan tsakiya irin Master Chief na Halo, wanda yake da murya amma maganarsa ƙalilan ce, sai ta kama dole.

Daga ina shirun ya samo asali?

Da farko dai rashin wuri ne. Gem ɗin Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa bai wuce kilobait 40 ba. Waƙar Hamisu Breaker guda ɗaya da ke cikin wayarka ta ninka shi fiye da sau hamsin. To ina za a zuba muryar mutum a nan? Dole aka koma rubutu da 'yar ƙara. The Legend of Zelda ya fito a 1986 cikin irin wannan matsi, haka aka saba da Link bai cewa uffan.

Da faifan sidi ya zo, musamman bayan fitowar PlayStation a Japan a 1994, sai wuri ya samu, domin sidi ɗaya yana ɗaukar megabait 650 zuwa 700. PlayStation 2 kuma ya zo a 2000 da faifan dibidi mai gigabait 4.7. Daga nan murya ta daina zama abin wahala. Amma abin mamaki, wasu kamfanoni ba su sa ba. Valve ta fitar da Half-Life a 1998, kowa a ciki yana magana ban da Gordon Freeman, ta kuma maimaita haka a Half-Life 2 a 2004. Nintendo ta sa wa gimbiya Zelda da sauran mutane murya a Breath of the Wild na 2017, amma Link yana nan da shirunsa. Ka ga kenan abin ya tashi daga larura ya koma zaɓi.

GTA: misalin da kowa ya sani

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a Zariya ya san GTA, don haka da shi zan fi bayani. A GTA III na 2001, Claude ba ya magana ko kaɗan. Budurwarsa Catalina ta harbe shi ta gudu, manyan 'yan daba suna aikensa, suna zaginsa, shi dai kallo kawai. Shekara ɗaya bayan haka Rockstar ta canja salo: a Vice City na 2002 ta ɗauko jarumin fim na Amurka Ray Liotta ya yi muryar Tommy Vercetti. A San Andreas na 2004 mawaƙi Young Maylay ne ya yi muryar CJ, shi kuma mugun ɗan sandan nan Tenpenny, Samuel L. Jackson ne. Har Claude ya leƙo cikin San Andreas wajen tseren mota, kuma a nan ma bai buɗe baki ba.

Yanzu tambayi kanka, tsakanin Claude da CJ wa ka fi tunawa? CJ ne mana. Mun san unguwarsu, mun san an kashe mahaifiyarsa, mun san yayansa Sweet da ƙanwarsa Kendl, mun ji yadda muryarsa take canjawa lokacin da ya gano Big Smoke ya ci amanarsa. Ko wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba yana gane ɓacin rai a murya. Amma duba wani abu: a GTA V na 2013 jarumai uku ne masu surutu, Michael da Franklin da Trevor, sai dai idan ka shiga GTA Online, mutumin da ka ƙirƙira da kanka shiru yake yi. Kamfani ɗaya, gari ɗaya, salo biyu. Dalili kuwa shi ne Franklin mutum ne da aka riga aka rubuta, na Online kuwa kai ne.

Hujjar masu son shiru

Hujjarsu ta farko ita ce gem ba fim ba ne. A fim kallo kake yi, a gem kai ne kake tafiya. Idan jarumin ya buɗe baki ya faɗi abin da kai ba za ka taɓa faɗa ba, nan take za ka ji an raba ka da shi. Ka ɗauka kana buga gem a matsayin mutum mai haƙuri, sai jarumin ya ɗura wa wani tsoho ashar, ai ka san ba kai ba ne.

Ta biyu, shiru yana buɗe ƙofar zaɓi. Rubuta amsa goma abu ne mai sauƙi, amma naɗar murya goma kuɗi ne da lokaci, balle idan jarumin zai iya zama namiji ko mace. Shi ya sa gem masu yawan zaɓi suka fi barin jarumi a rubuce. Baldur's Gate 3, wanda ya ci kyautar gwarzon gem na shekarar 2023 a bikin The Game Awards, haka ya yi a wajen hira.

Ta uku, shiru yana ƙara tsoro da nutsuwa. Idan kana cikin duhu kana jin motsi a bayanka, jarumi mai yawan zolaya zai kashe maka tsoron.

Ta huɗu kuma ta shafe mu kai tsaye. Mafi yawan gem ɗin da muke bugawa da Turanci suke, wani lokacin ma Turancin unguwannin Amurka ne da ko ɗalibin jami'a sai ya kasa kunne. Jarumi mai shiru ba shi da yare. Ka shiga gidan gem ka saurara, za ka ji mai riƙe da fad ne yake masa magana da Hausa: "Matsa mana!", "Yau sai na gama da kai!" A PUBG Mobile da Free Fire ma muryar da ta fi muhimmanci ita ce ta abokanka da kuke magana ta makirfo.

Hujjar masu son magana

Su kuma suna cewa labari mai taɓa zuciya ba ya yiwuwa da gunki. The Last of Us na 2013 ya tsaya ne a kan hirar Joel da Ellie, wato Troy Baker da Ashley Johnson. Cire muryar Joel, ka rushe gem ɗin. Roger Clark ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a The Game Awards na 2018 saboda Arthur Morgan na Red Dead Redemption 2, Christopher Judge kuma ya ci ta 2022 saboda Kratos. Kratos ɗin nan ma abin nazari ne: a God of War na farko na 2005 T.C. Carson ne yake masa murya, ihu da fushi zalla. A na 2018 ya zama uba mai magana ƙasa-ƙasa, kalma biyu uku. Sauyin muryar kaɗai ya gaya maka mutumin ya tsufa kuma yana nadama.

Masu ƙwallo ma ba a bar su a baya ba. A FIFA 17 aka kawo labarin The Journey, inda kake bin rayuwar matashin ɗan ƙwallo Alex Hunter. Wanda ya yi shi Adetomiwa Edun ne, haifaffen Legas, wanda masu kallon Merlin suka sani da Sir Elyan.

Babbar hujjarsu dai ita ce shiru yana zama abin dariya idan bai dace da wurin ba. A Call of Duty 4 na 2007, lokacin da kake juya Soap MacTavish ba ya cewa komai. A Modern Warfare 2 na 2009 da ka koma juya Roach, sai ga Soap yana ba da umarni baki har kunne, Roach kuma ya gaji shirun. Wato duk wanda fad ya faɗa kansa sai bakinsa ya mutu.

Waɗanda suka canja ra'ayi

Dead Space na 2008 labarin injiniya Isaac Clarke ne da ya shiga wani jirgin sararin samaniya yana neman budurwarsa Nicole. Mutum yana neman masoyiyarsa cikin gawarwaki amma ko "wayyo" babu. A Dead Space 2 na 2011 aka ba shi muryar Gunner Wright, kuma da aka sake gina na farkon a 2023 sai aka dawo da Wright ya yi masa magana, amma da ƙa'ida: ya amsa idan an yi masa magana, ko inda shirun zai zama baƙon abu.

Fallout kuwa ta ɗaya hanyar ya bi. Bayan Fallout 3 na 2008 mai amsa a rubuce, Bethesda ta sa murya a Fallout 4 na 2015. Brian T. Delaney da Courtenay Taylor kowannensu ya naɗi layi sama da 13,000. Sai dai zaɓin amsa ya ragu zuwa huɗu a kowane lokaci, kuma a taƙaice ake rubuta su, sai ka danna wani abu jarumin ya faɗi wani abu daban. Masoya suka yi ta ƙorafi. Da kamfanin ya fitar da Starfield a 2023, sai ya koma jarumi mai shiru.

Metroid: Other M na 2010 shi ma darasi ne. Samus Aran ta shafe shekaru a matsayin jaruma mai ƙarancin magana, da aka sa ta doguwar hira da kanta, masoya da yawa suka ce wannan ba Samus ɗin da suka sani ba ce.

Matsalar suna

Akwai wata 'yar matsala da ke biyo bayan murya. Idan an bar ka ka raɗa wa jarumi suna, yaya sauran mutane za su kira shi? Final Fantasy X na 2001 shi ne na farko a jerinsa da aka sa wa murya, kuma saboda kana iya canja sunan Tidus, har gem ɗin ya ƙare ba wanda ya furta sunansa. Mass Effect na 2007 ya yi dabara: sunan farko naka ne, amma kowa da Shepard yake kiranka. Fallout 4 kuma sai da aka naɗi ɗaruruwan sunaye domin mutum-mutumin nan Codsworth ya iya kiran mai wasa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin salon biyu

Wanda ya taɓa zuwa gaisuwa fadar Zazzau ya ga jarumi mai shiru da idonsa. Sarki yana zaune, amawali ya rufe baki, ka faɗi ka yi gaisuwa, fadawa ne za su amsa maka da cewa an gaishe ka. Ba wanda zai ce Sarki ba ya nan a wurin. Shirun nasa ne ma yake cika fadar, domin duk abin da ke kewaye da shi an tsara shi ne don shirun ya yi ma'ana. Haka amarya ranar kai ta, haka saurayi gaban surukai. Mu ne muke cewa shiru ma magana ce.

A ɗaya gefen kuma ga Gizo. Cire tsamin bakin Gizo daga tatsuniya ka gani in yara za su saurara. Rabin wayonsa da rabin abin dariyarsa a muryar suke.

A fim ma haka. Jarumi yana rawa yana motsa baki, amma muryar ta Umar M. Shareef ce ko Nura M. Inuwa ko Fati Nijar, kamar yadda Indiyawa suka daɗe suna yi da su Lata Mangeshkar da Kishore Kumar. Idan muryar ta dace da fuskar, ba ka ma tunawa aro ce. Idan ba ta dace ba, waƙar ta lalace ko da kiɗan ya yi daɗi. Fassarar Algaita kuwa ta nuna mana cewa murya tana iya mayar da baƙo ɗan gida: jarumin Kudancin Indiya ya buɗe baki da Hausar Kano, yaran unguwa su kama kwaikwayonsa washegari.

Sarauniya Amina a cikin gem

Ga inda maganar ta iso ƙofar gidanmu. A watan Agusta na 2021 aka ƙara wa gem ɗin Age of Empires III: Definitive Edition wani ɓangare mai suna The African Royals, wanda ya kawo Habashawa da Hausawa. Shugabar Hausawa a ciki Sarauniya Amina ce, babban birninsu Kano, akwai mayaƙan lifidi da maharba Fulani, kuma idan ka danna mutanenka da Hausa suke amsawa. A watan Fabrairu na 2025 kuma Civilization VII na kamfanin Firaxis ya fito da Amina ta Zazzau cikin shugabannin da za ka iya zaɓa, tana magana da Hausa.

Kwatanta wannan da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya hau Netflix a 2021, inda Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar tana magana da Turanci. Ni dai a kunnena, Aminar da ke Turanci baƙuwa ce ko da an naɗa mata lifidi goma. Amma jin Hausar ma yana tayar da wata tambayar: wace Hausa? Ba wanda ya taɓa jin muryar Amina, masana tarihi ma sun yi saɓani kan ƙarnin da ta rayu. Duk wanda ya sa mata murya ya yanke hukunci a kan halinta, ko mai zafi ce ko mai sanyi, ko Bazazzagiya ce a harshe ko Bakanuwa. Yaron da ya fara saninta ta gem, da wannan muryar zai girma. Shi ya sa nake ganin batun nan ya wuce wasa.

Ra'ayina

Bayan duk wannan, ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: wa ya mallaki jarumin? Idan marubuci ya riga ya ba shi uwa da uba da masoyiya da tabon zuciya, to mutum ne mai zaman kansa, a ba shi baki ya yi magana. Hana shi magana shi ne abin da ya sami Isaac Clarke. Idan kuwa ni aka bar wa in zaɓi fuskarsa da sunansa da halinsa, to a bar mini bakin ma, kada a yi mini irin ta Fallout 4. Kuma idan za a yi shiru, a ba shirun dalili. Breath of the Wild ya yi haka: a littafin sirrin Zelda an nuna cewa nauyin da aka ɗora wa Link ne ya sa ya zaɓi haɗiye damuwarsa. Daga nan shirun ya zama halinsa, kamar na Sarki a fada.

Ga matasanmu masu koyon haɗa gem, ko a jami'a ko a ɗaki da kwamfuta, ga shawarata. Jarumi mai shiru ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana kauce wa rigimar karin harshe, domin Basakkwace da Bakatsine da mutumin Maraɗi kowa zai cika shi da Hausarsa. Ku zuba ƙarfin a muryar mutanen da ke kewaye da shi: mai shayi, 'yar talla, dogari, tsohuwa mai faɗa. Muna da masu wasan kwaikwayon rediyo da masu fassara da suka ƙware a wannan. Matsalar sunan da na ce ku riƙe kuwa, al'adarmu ta riga ta warware ta. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji, ƙani yana cewa Yaya, bafade yana cewa ranka ya daɗe, ɗan kasuwa yana cewa Malam ko Alhaji. Za ka iya rubuta gem na awa ashirin da Hausa ba a kira sunan jarumi ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda zai ji wani abu ya ɓace. Amma ranar da za ku ɗauko Amina ko Bayajidda ku sa su a gaba, to ku nemi marubuci na gaske da murya ta gaske, ku kuma zauna da masana tarihi kafin ku shiga situdiyo.

Ku kuma fa, wane jarumi ne muryarsa ta fi zama muku a kai, kuma wanne ne kuka gwammace da bai taɓa buɗe baki ba?